Gaiwa ta ninka mutum sau 13 a rubutun gado

Wanda ya taɓa ganin masu haƙar gaiwa a fadama da rani ya san halittar da ake magana a kai. Ruwa ya janye, laka ta bushe ta tsattsage, amma can ƙarƙashi kifin na kwance a naɗe cikin kwanson majinar jikinsa, yana shaƙar iska da huhu, yana jiran damina. Da ake cewa gaiwa jikinta take ci, gaskiya ne, don a watannin nan tsokarta take narkarwa ta rayu. A 2021 masu bincike suka karanta rubutun gadon irin gaiwar da muke da ita a Afirka ta Yamma, wadda sunanta na kimiyya Protopterus annectens, suka tarar da haruffa kusan biliyan 40. Na ɗan Adam bai wuce biliyan 3 da 'yan kai ba.

Jinom shi ne dukan rubutun gado da ke cikin ƙwayar halitta guda, a rubuce da sinadarin DNA, da haruffa huɗu kacal: A, C, G, T. Rubutun a ɗaure yake dami-dami, kowane dami ana ce masa kuromosom. Mutum na da 46, saniya 60, wake 22, masara 20, sauron zazzaɓi 6. Ƙwayar gado kuwa yanki ne na rubutun da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin. Mutum na da irinsu kimanin 20,000, gaiwa ma lissafinta bai yi nisa da haka ba. To me ya cika sauran haruffan?

Maimaici ne. A cikin jinom akwai wasu guntaye da ba su da sana'a sai kwafar kansu su liƙa a wani wuri, ana kiransu ƙwayoyin gado masu tsalle. Barbara McClintock ce ta fara gano su a masara, aka daɗe ba a yarda da ita ba, sai a 1983 aka ba ta kyautar Nobel. A 2024 aka kammala karanta jinom ɗin gaiwar Kudancin Amurka, ya kai haruffa biliyan 91. Cikin nau'in kuromosom 19 da take da su, kowane nau'i bibbiyu, 18 kowanne shi kaɗai ya fi dukan jinom ɗin mutum girma, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari maimaici ne. Masu aikin sun nuna dalili: ƙwayar halitta na da wasu ƙananan RNA (sinadari ɗan'uwan DNA) masu gadi da ke danne masu tsallen nan, a gaiwa kuwa masu gadin sun yi ƙaranci, sai ɓarayin suka ci kasuwarsu. Albasar da ake yankawa a miya tana da kimanin biliyan 16, wato mutum sau 5. Wani ɗan tsiro na tsibirin Sabuwar Kaledoniya da aka auna a 2024 ya kai biliyan 160. Saboda haka duk wanda ya ce maka girman jinom alama ce ta darajar halitta, ka tambaye shi albasa.

Amma kuskure ne a share maimaicin nan a ce shara ce gaba ɗaya. Masarar da ake nomawa daga Saminaka zuwa Giwa kusan kashi 85 cikin ɗari na jinom ɗinta masu tsalle ne, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya ba ta siffarta. Kakarta ciyawa ce mai rassa da yawa a Meziko, aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Wani mai tsalle ya sauka can gaban ƙwayar gado mai suna tb1, nisan haruffa wajen 60,000, ya ƙara mata ƙarfi. Aikin tb1 hana rassa fitowa ne, shi ya sa masara ke tashi da kara ɗaya a miƙe. A jikin mutum ma kusan kashi 8 cikin ɗari na jinom ragowar tsofaffin ƙwayoyin bairos ne, kuma furotin ɗin da ke haɗa fatar mabiyiya a cikin mahaifa daga irinsu aka samo shi. Hanyar da ake bi a gane abin da ke da aiki ita ce kwatance. A 2023 aka jera jinom ɗin dabbobi masu shayarwa 240 aka duba wuraren da ba su yarda sun sauya ba, sai aka ga kashi 10 da ɗoriya na jinom ɗin mutum a wannan sahu yake, alhali masu haɗa furotin ba su kai kashi 2 ba. Sauran maɓallai ne na kunnawa da kashewa, da yawansu har yau ana kan binciken abin da suke yi.

Ƙuduji da dawa

Manomin dawa ba ya buƙatar a gabatar masa da ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa kamar ƙura yake, yana iya shekara goma ko fiye a ƙasa bai tsiro ba, sai ya ji ƙamshin wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa. Karatun jinom ya nuna yadda ya samu wannan hanci. Tsirrai na da wata ƙwayar gado mai suna KAI2 da ke jin sinadaran tsiro. A dangin ƙuduji an kwafe ta sau da yawa, kwafe-kwafen suka karkata zuwa jin sinadarin mai masauki. Wannan na cikin manyan hanyoyin da sabon aiki ke samuwa a halitta: a kwafi ƙwayar gado, ɗaya ta ci gaba da tsohon aiki, ɗaya ta sami sararin sauyawa. Abin mamakin shi ne a 2010 an sami wata ƙwayar gado a cikin ƙuduji wadda ba ta danginsa ba ce, ta dangin dawa ce. Garin tsotsar abinci ta saiwa ya tsotso har da rubutu.

Dawa ma ba ta zauna ba. Akwai irin da ya rasa wata ƙwayar gado mai suna LGS1, sai sinadarin da saiwarsa ke fitarwa ya canza zuwa wanda ƙuduji ba ya ji sosai, irin ƙudujin ya yi ta barci a ƙasa. An gano wannan a 2017, daga baya aka ga cewa dawar da ta rasa LGS1 ta fi yawa a yankunan da ƙuduji ya fi addaba, wato manoma sun daɗe suna zaɓenta ba tare da sun san sunanta ba. Amfanin wannan ga mai kyautata iri a fili yake. Maimakon ya shuka layi ɗari uku a gonar da ƙuduji ya cinye ya jira kaka, sai ya yanki ɗan ganye daga kowane tsiro yana sati biyu, ya yi gwajin PCR, wanda ke ninka wani guntun DNA har a iya ganinsa, ya zubar da waɗanda ba su da alamar.

Satar rubutu ba a kan ƙuduji ta tsaya ba. A 2015 aka duba irin dankalin Hausa 291 daga sassan duniya, kowanne na ɗauke da guntun DNA na bakteriyar ƙasa mai suna Agrobacterium, wadda ita ce dai masu sauya iri ke amfani da ita a ɗakin gwaji. Ba muna cewa wannan ya kashe muhawarar da ake yi kan waken da aka sauya wa ƙwayar gado, SAMPEA 20-T, da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a 2019 ba. Muhawarar na da ɓangarori na kasuwa da mallakar iri da suka cancanci a tattauna. Amma hujjar cewa rubutun wata halitta ba ya taɓa shiga na wata sai da hannun mutum, wannan dankali ya rushe ta.

Sammore, shanu da ƙoda

Cibiyar binciken sammore ta ƙasa a nan Kaduna take tun zamanin Turawa, kuma ƙwayar cutar da take bibiya na cikin halittun da jinom ɗinsu ya fi ban sha'awa. Trypanosoma brucei ba ta ɓuya a cikin ƙwayoyin jini, a fili take yawo, sanye da riga ta furotin iri ɗaya, kwafi kusan miliyan 10. Garkuwar jiki na gane rigar ta kashe mafi yawansu, amma kafin nan wasu ƙalilan sun canza riga. A jinom ɗinta akwai samfurin riga fiye da 2,000, kuma mafi yawansu a karye suke, ba za su yi aiki su kaɗai ba. Da farko an ɗauka tarkace ne. Ashe kamar ƙyallayen tela suke, takan yanko daga wannan ta ɗinka da wancan ta fitar da sabuwar riga. Dalilin da zazzaɓin sammore ke tafiya ya dawo ke nan, kuma dalilin da har yau ba a sami allurar rigakafinsa ba, sai dai maganin kashewa da yaƙi da ƙudan tsando.

Jinin mutum na da wani furotin, APOL1, da ke fasa wannan ƙwayar cuta, shi ya sa sammoren shanu ba ya kama makiyayi. Amma nau'i biyu sun samo hanyar kauce masa, su ne masu jawo ciwon barci. A Afirka ta Yamma sai wasu sauye-sauye biyu na APOL1, da ake kira G1 da G2, suka yaɗu saboda kariyar da suke bayarwa. Farashinsu ya bayyana a 2010, lokacin da aka danganta su da ciwon ƙoda. Wani babban bincike a Najeriya da Gana da aka buga a 2024, mai mutum sama da 8,000, ya nuna cewa ko kwafi ɗaya ma na ƙara haɗarin, ba sai biyu ba kamar yadda aka ɗauka daga binciken Amurka. Labarin sikila ne ya maimaita kansa: harafi ɗaya ya sauya a kuromosom na 11, GAG ta koma GTG, mai kwafi ɗaya ya sami kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, mai biyu ya sha wahala. Nazarin 2018 ya kai asalin wannan sauyi ga mutum guda, kimanin shekara 7,300 da suka wuce.

Shanunmu kuwa, Bunaji da Rahaji da Bokoloji, duk da tozonsu ba zallar shanun Indiya ba ne. Nazarin jinom na shanun Afirka 172 da aka buga a 2020 ya nuna gauraye ne na marasa tozo da suka riga zuwa da masu tozo da suka biyo baya, kuma babban gaurayen ya faru tsakanin shekara 750 zuwa 1,050 da suka wuce. Akwai wata shaida mai daɗi a nan. DNA ɗin maitokondiriya, wato ɓangaren ƙwayar halitta mai samar da kuzari, ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, kuma a shanun Afirka duk na marasa tozo ne. Ma'ana bijimai aka riƙa shigowa da su, shanu matan na gida ne. Jure zafi da ƙishi ya fi zuwa ta ɓangaren masu tozo, jure sammore kuwa na marasa tozo ne irin su Muturu da N'Dama. Duk mai shirin haɗa Bunaji da shanun madara na Turai ya kamata ya riƙe wannan lissafi a ransa, domin kowane kashi na jinin waje da ya shiga, wani kashi na juriyar nan ne ya fita.

Sauyin jinom na sauro kuwa a gaban idonmu yake faruwa. A 2017 aka karanta sauro 765 daga ƙasashen Afirka 8, aka sami wurare fiye da miliyan 50 da suke bambanta, a jinom ɗin da bai kai haruffa miliyan 280 ba. Halitta mai irin wannan yalwa da wuya a kawo maganin da ba a sami mai jure shi a cikinta ba. Sauyin harafi ɗaya da ake kira kdr na hana maganin gidan sauro kama jijiyarsa, wasu kuma sun ninka ƙwayoyin gadon da ke narkar da guba. Bambancin na da amfani ga mai sayen gidajen sauro na jiha: sinadarin PBO da ake ƙarawa a wasu gidajen yana toshe masu narkar da gubar ne, ba ya gyara kdr.

Ma'aunin da ake gwada mu da shi

Yawancin aikin jinom ba daga tushe ake harhaɗa rubutun ba. Ana karanta guntaye ne a ɗora su kan wani jinom na ma'auni, a ga inda suka saɓa. Abin da babu shi a ma'aunin kuwa ba shi da wurin zama, sai manhaja ta jefar da shi shiru. Ma'aunin shanu daga wata saniya ce ta irin Hereford a Amurka. Na mutum sai a 2022 aka cike giɓinsa, aka ƙara haruffa wajen miliyan 200. A 2019 an tattara guntayen da suka ƙi zama daga mutum 910 masu asalin Afirka, suka kai haruffa kusan miliyan 300 da babu su a ma'auni. A masara abin ya fi haka: da aka harhaɗa iri 26 kowanne da kansa a 2021, an sami ƙwayoyin gado sama da 100,000 a jimlace, kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake samu a dukan iri 26 ɗin. Saboda haka idan rahoto ya ce ba a sami wani abu a dawar Kaura ko a Bunaji ba, tambayar farko ita ce da wane ma'auni aka gwada.

Daga gona zuwa na'ura

A ganinmu inda aikin jinom ya fi lalacewa a wannan yanki ba a na'ura ba ne, a awa 24 na farko ne bayan an ɗauki samfur. DNA na fara karyewa da zarar ƙwayar halitta ta mutu, zafin Maris da Afrilu kuma na gaggauta abin.

Jinin saniya ana ɗibar mililita 5 zuwa 10 daga jijiyar wuya, a kwalba mai murfi launin shunayya, wato mai EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, a juya ta a hankali sau takwas zuwa goma. Kada a yi amfani da mai koren murfi, domin hefarin da ke ciki na bin DNA har ƙarshe ya hana PCR tashi. Jinin kifi da na kaji ba a buƙatar da yawa, saboda jajayen ƙwayoyin jininsu na da DNA, saɓanin na dabbobi masu shayarwa. Maikurolita 10 zuwa 20 ya isa, in aka zuba fiye da haka ma sai ya toshe matatar. Nama ko fiffiken kifi ana yanka shi ƙanana kamar ƙwayar shinkafa a saka a itanol mai ƙarfin kashi 95 zuwa sama, itanol ɗin ya ninka naman sau goma, a canza shi washegari domin ruwan naman ya riga ya tsarma shi. Sifirit ɗin shagon magani ba ya maye gurbinsa. Fomalin kuwa kashe aikin yake yi gaba ɗaya, yana ɗaure DNA da furotin ya kakkarya shi. Ganye ana ɗaukar sabon toho ne, a saka a jakar leda mai zif da silika ninki goma na nauyinsa, irin 'yan ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, ya bushe ƙamas cikin kwana ɗaya. In ya yi baƙi ko ya yi fumfuna, DNA ɗin fumfunar za a karanta. A rubuta lamba da fensir a 'yar takarda a jefa cikin kwalbar, saboda itanol na wanke tawadar maka, kuma kwalba hamsin marasa suna ba su da wani amfani.

Firiza ma na da nata sharri. Irin ta gida mai narkar da ƙanƙara da kanta tana ɗumama tana hucewa, ga ɗauke wuta, kuma kowane daskarewa da narkewa na tsinka DNA. Gara samfur ya zauna a itanol a wuri mai sanyi da ya yi ta shiga yana fita daga ƙanƙara. Duk wannan na aikin gajeren karatu ne, wato karanta DNA a gajerun guntaye. Wanda ke son harhaɗa sabon jinom da dogon karatu yana buƙatar ɗanyen samfur ko wanda aka jefa a ruwan naitirojin nan take.

Wajen fitar da DNA daga ganye, hanyar sinadarin CTAB ce ta fi araha kuma tana aiki. Ruwan haɗin: CTAB kashi 2 cikin ɗari, Tris mai pH 8 milimola 100, EDTA milimola 20, gishiri mola 1.4, a ƙara PVP kashi 1 zuwa 2. A niƙa busasshen ganye miligiram 20 ya zama gari, a zuba maikurolita 700, a ajiye a digiri 65 na minti 30 zuwa 60 ana juyawa. Sai kulorofom da aisoamil, 24 bisa 1, daidai yawan ruwan, a juya a na'urar da ke wulwula kwalba ta raba ruwan, a kwashe na sama ba tare da an taɓa farin da ke tsakani ba. A zuba aisofurofanol mai sanyi kashi biyu cikin uku na abin da aka kwasa, DNA zai taru, a wanke da itanol kashi 70 sau biyu, a bar shi ya sha iska, a narkar. In dunƙulen ya fito ruwan ƙasa, sinadaran ɗaci ne suka kama shi, ana ganin haka a dawa ja da citta, maganinsa ƙarin PVP da ƙaramin ganye. In ya fito da yauƙi kamar miyar kuɓewa, sitaci da danginsa ne, a ƙara gishiri zuwa mola 2. In aka busar da shi fiye da kima ba zai narke ba, in kuma itanol ya rage a ciki zai hana matakin gaba.

Wajen auna tsabtar DNA da haske, rabon 260 bisa 280 da na'ura ke nunawa ya zama kusan 1.8, na 260 bisa 230 ya zama 2.0 zuwa 2.2. Na biyun ne ke tona ragowar gishiri da sitaci, kuma shi aka fi mantawa. Ma'aunin NanoDrop na ƙirga RNA da datti a matsayin DNA, don haka yakan faɗi fiye da abin da ke akwai, wani lokaci ninki biyu ko fiye. Adadin da za a dogara da shi na ma'aunin Qubit ne, wanda DNA kaɗai yake ƙirgawa. Don dogon karatu kada a girgiza kwalba a na'urar girgiza, a yanke bakin tsinken fifet, wato abin zuƙar ruwa, ya yi faɗi, domin dogon zaren DNA na tsinkewa in an matsa shi ta ƙaramin rami.

Manyan na'urorin karanta DNA iri uku ne a kasuwa. Illumina na ba da guntaye masu haruffa 150, masu inganci da araha, sun dace da gwadawa da ma'auni. Amma mai tsalle guda na iya kai haruffa dubu goma, kuma kwafinsa dubbai ne, guntun 150 da ya faɗo daga tsakiyarsa ba a san gidansa ba. PacBio na ba da 15,000 zuwa 20,000 da inganci sosai. Nanopore na iya wuce 100,000, kuma ƙaramarta, MinION, a tafin hannu take zama, ita ce ta fi dacewa da ƙaramin ɗakin gwaji. Tana son DNA kimanin maikurogiram 1. Faifanta, mai ƙananan ramukan da zaren DNA ke bi a karanta shi, ana ajiye shi a digiri 2 zuwa 8, in ya daskare ya mutu, kuma a gwada shi ranar da ya iso, ramuka masu rai su kai 800. Kumfar iska ɗaya da ta shiga wajen ɗura samfur na kashe duk ramukan da ta bi ta kansu. Karatun na iya ɗaukar awa 72, ke nan kwamfutar na buƙatar inbata ko sola da ba za su yanke ba, ɗakin kuma na buƙatar sanyi, don na'urar na kasa riƙe zafin da take so in ɗaki ya yi zafi sosai.

Lissafin yawan karatu mai sauƙi ne. Ana son a bi ta kan kowane harafi kamar sau 30. Sauro na buƙatar haruffa biliyan 8 da ɗoriya, faifai ɗaya mai kyau zai iya. Dawa mai miliyan 730 na buƙatar biliyan 22. Saniya kusan biliyan 80. Gaiwa biliyan 1,200, wanda ba aikin ƙaramin ɗaki ba ne. A yi wannan lissafi kafin a rubuta kasafi, a haɗa da wurin ajiyar bayanai, domin ɗanyen fayil na Nanopore ya ninka rubutun da ake fitarwa daga gare shi sau da yawa, kuma tura shi ta intanet ɗin waya azaba ce.

Bayan harhaɗawa mutane na son faɗin N50, wato tsawon guntayen, amma dogon rubutu na iya zama dogon kuskure. A duba BUSCO, wadda ke neman ƙwayoyin gadon da ya kamata kowace halitta ta dangin ta mallaka kwafi ɗaya. In da yawa suka fito bibbiyu, ko dai manhaja ta ɗauki gadon uwa da na uba a matsayin wurare daban, ko kuma halittar da gaske ninki take. Acca, wadda aka karanta jinom ɗinta a 2020, saitin kuromosom huɗu take da shi maimakon biyu, gyaɗa ma haka, don ta samu ne daga haɗuwar ciyayi biyu na Kudancin Amurka. A irinsu bibbiyun daidai ne, wanda ya share su ya share rabin jinom. Sai gurɓata. Sauron da ya sha jini na ɗauke da DNA na wanda ya ciza, ƙudan tsando na da bakteriyar da ke zaune a cikinsa, saiwar ƙuduji na manne da ta dawa. A 2015 wasu masana suka sanar cewa kashi ɗaya cikin shida na jinom ɗin wata 'yar mitsitsiyar dabbar ruwa aro ne daga bakteriya. Wata tawaga ta sake aikin, aka ga mafi yawansa datti ne da ya biyo samfur. Duk mai da'awar ya ga satar rubutu sai ya nuna dogon karatu guda da ya ratsa daga baƙon yankin zuwa na mai gida. Wani ƙaramin abin haushi kuma: Excel na mayar da sunayen ƙwayoyin gado irin SEPT2 da MARCH1 kwanan wata, har sai da kwamitin sunaye ya canza wa 27 suna. A buɗe irin wannan fayil a matsayin rubutu zalla.

Samfurin mutum na buƙatar amincewar mai shi da ta kwamitin ɗa'ar bincike, kuma duk abin da za a tura waje a rubuta yarjejeniyar wanda ya mallaki bayanan kafin kwali ya bar Kaduna. Kowane samfur ya tafi da ranar ɗauka, wurin da GPS ya nuna, hoto, da sunan da manomi ko makiyayi ke kiransa, Kaura ce ko Farafara, domin sau da yawa sunan na bin wani bambanci da jinom zai tabbatar daga baya.

Ɗalibin da kuɗinsa bai kai na jinom ba yana iya farawa da tantance jinsi. A dabbobi ana ɗaukar yankin COI na maitokondiriya, haruffa kimanin 650, a tsirrai rbcL da matK. PCR zagaye 35, a narkar a digiri 94, a liƙa tsakanin 50 da 54, a miƙa a 72, a duba a jel na agaros kashi 1.5, a tura karatun Sanger, wato hanyar karanta gajeren guntu guda, ta fuska biyu. Kullum a saka kwalba ɗaya mai ruwa zalla, in layi ya fito a cikinta a zubar da sakamakon ranar duka. Wani lokaci guntun COI kan yi hijira zuwa cikin babban jinom ya mutu a can, PCR kuma ta ɗauko mataccen, sai a zaci an gano sabon jinsi. A juya haruffan zuwa furotin da jadawalin maitokondiriya na dangin dabbar. In alamar tsayawa ta fito a tsakiyar rubutun, mataccen kwafin ne aka karanta, sai a sake da wasu furaima, wato guntayen DNA da ke nuna wa PCR yankin da za ta ɗauko.